Sukuru Ɗaya a Gadarif

Tun hantsi na ɗaga bokis ɗin a kan jak,
na tokare shi da kututturen aduwa.
Notin taya shida, babu wanda ya yi musu,
na jera su a murfin tukunyar Zulai.
Na ce kafin azahar na gama.
Da bakina na faɗa, yara suna ji.

Ashe mai gidan yana ciki.
Sukuru ɗaya, bai kai ɗan yatsan jinjiri ba,
shi ke riƙe da faifan birki.
Damina bakwai yana shan baƙar laka
a hanyar Doka, a hanyar gona,
har tsatsa ta mai da shi da ƙarfen
uwa ɗaya uba ɗaya.

Na kafa sukudireba na murɗa. Shiru.
Na danna da ƙirji, na cije leɓe, na sake,
ya zame ya kwashe min fatar babban yatsa.
Na tsotse jinin, ɗanɗanon baƙin mai.
Kan sukurun da ke da tsaga huɗu kamar mararraba
ya soma komawa rijiya.

Abdulbaƙi na gareji ya yi min kuɗi shekaranjiya,
kuɗin da ya kusa rabin buhun riɗi,
na yi dariya na ce ina da hannu.
Ga hannun.
Gobe kasuwa, buhu goma sha huɗu na jirana a zaure,
motar kuwa in ka taka ta
kuka take kamar karen da aka take wa wutsiya.

Na ɗiga masa kananzir, na ba shi lokaci,
na je na yi la'asar na dawo.
Na ɗiga masa man birki.
Na roƙe shi da Hausa, na zage shi da Larabci,
ko ɗaya ba ya ji.

Na san wanda ya ɗaure shi.
Yahuza ne, wana, mai hannun da bai san ya isa ba,
wanda in ya rufe kwalba sai an nemo shi.
Ya bi ta Bur Sudan ya haye ruwa,
shekara ta uku ke nan muryarsa sai da salla.
Ƙarfinsa dai ya bar min a nan,
dunƙule, a bayan taya.

Magariba ta kawo Ammu Tajussir,
tsohon direban lori, jabana a hannu,
ya tsuguna, gwiwoyinsa suna ƙara.
Rumasa'u na haska mana da wayata.
Ya daɗe yana kallo bai taɓa komai ba.
Ya ce, ya zol, duk yini baya kake jan sa?
Kafa ƙarfenka, ba shi guduma uku a ka,
sannan ka murɗa gaba, kamar za ka ƙara ɗaurewa.
Wanda ya daɗe a zaune ba a ce masa tashi,
sai a fara gyara masa zama.

Na ji kunya, amma na yi.
Ɗaya. Biyu. Uku.
Na murɗa gaba, ƙiris, kamar kaurin gashi,
sai na ji ƙas!
ƙaramar ƙara, kamar an fasa gyaɗa a wani ɗaki.
Na juyo da shi baya, yana tafe yana ƙugi,
yana zubar da jan gari a tafina.

Rumasa'u ta yi tsalle, haske ya bar mu.
Ammu ya kurɓi jabanarsa, ta huce.

Na auna shi a hannu, ko nauyin dabino bai yi ba.
Ban jefar ba, na sa a aljihun gaba,
in Yahuza ya kira zan gaya masa.
Zulai ta leƙo tana neman murfin tukunyarta.
Ammu ya miƙe yana kaɗe jallabiya,
ya nuna ɗaya tayar da haɓa, ya ce,
wancan gefen ma shi ya ɗaure?